Yadda Amurka ta tashi daga "ba ruwana" ta koma mai sa baki ko'ina

Ɗana, tambayar da ka yi mani ranar Juma'a bayan mun fito masallacin Shehu ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba, ga rana ga hayaniyar 'yan kabu-kabu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a natse. Ka ce malaminku ya faɗa maku Amurka ta yi sama da shekara ɗari ba ruwanta da harkar kowa, to abin da ya ɗaure maka kai shi ne ta yaya ƙasar da ke gudun rigimar duniya ta wayi gari da sojoji ko'ina, har Agadas nan kusa da mu.

Malaminku bai yi ƙarya ba, haka littattafan suke faɗi, ni ma haka anka koya mani kuma na yi shekaru ina koyar da shi haka kafin in gane rabin zance ne. Amurka ba ta taɓa zama wuri ɗaya ta naɗe hannu ba. Abin da ta gudar wa shi ne rigimar Turai kawai, saboda lokacin ba ta da ƙarfin shiga, amma duk tsawon wanga lokaci cin iyaka take yi a gefenta, gona bayan gona, har ta kai bakin teku. Da ƙasa ta ƙare sai ta shiga jirgi.

Asalin maganar daga George Washington ta fito, shugabansu na farko, cikin jawabin bankwanansa na 1796, inda ya gargaɗe su kada su ƙulla ƙawance na dindindin da wata ƙasa. Ka duba halin da suke ciki sannan. Ƙidayar 1790 ta nuna mutanensu ba su cika miliyan 4 ba, wato ba su kai mutanen jihar Sakkwato na yau ba, ga Ingila zaune a Kanada ta arewansu, ga Sifaniya riƙe da Fulorida da bakin kogin Misisifi, kuma Ingila da Faransa suna ta gwabza yaƙi tun 1793 kowace na son ta jawo su gefenta, alhali akwai tsohuwar yarjejeniya tsakaninsu da Faransa tun 1778 lokacin da ta taimake su yaƙin 'yanci. Yaro ne tsakanin ƙarti biyu masu dambe, duk wanda ya bi ɗayan zai mangare shi. Kuma ka lura Washington bai ce a bar ciniki ba, ciniki kam a yi da kowa, alƙawarin yaƙi ne ya ce kada a ɗauka.

To ana cikin wagga "ba ruwana" ɗin, a 1803, shekara ɗaya kafin Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, sunka sayi yankin Luwiziyana daga hannun Napoleon a kan dala miliyan 15, fili ne da ya ninka Nijeriya ta yau fiye da sau biyu, a rana ɗaya girman ƙasarsu ya ruɓanya. A daidai shekarun nan kuma, 1801 zuwa 1805, jiragensu na yaƙi suna can gaɓar Tarabulus suna faɗa, Tarabulus ɗin nan dai da kayan fatakenmu ke kaiwa ta cikin Sahara. Sunka karɓi Fulorida daga Sifaniya da yarjejeniyar 1819. A 1830 anka kafa dokar tashin mutanen ƙasar na asali daga garuruwansu, anka kora ƙabilu irin su Ceroki da ƙafa zuwa yamma, dubbai sunka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da ciwo. Sannan Teksas a 1845, sai yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 wanda ya ci wa Meziko kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Duk lokacin da na iso nan cikin aji nakan tsaya in tambayi ɗalibai, in ka je ka ce wa mutumin Meziko na wancan zamani Amurka ba ruwanta da kowa, mi zai ce maka? Wallahi sunan nan na "zaman ware kai" daga idon Bature ɗan Turai anka raɗa shi, don shi ne kawai anka ƙyale.

Akwai kuma sanarwar Shugaba Monroe ta Disamba 1823, 'yan watanni kafin Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya iso nan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ce Turai ta daina neman sabbin wuraren mallaka a nahiyar Amurka, su kuma ba za su shiga sabgar Turai ba. A lokacin baki ne kawai, ba su da jiragen da za su hana kowa, jiragen Ingila ne ke tsare tekun don ita ma tana son kasuwannin Kudancin Amurka su zauna a buɗe gare ta. Amma dai an kafa turke, an ce nan gefen namu ne, kuma bayan shekara tamanin da turken nan za a ɗaure maƙwabta.

Abin da ya jinkirta su ƙetare teku har da rigimar bayi. Duk sabon yankin da anka samu sai an yi faɗa, za a riƙe bayi a cikinsa ko ba za a riƙe ba, har abin ya kai su yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum sama da 600,000 sunka halaka. Bayan yaƙin an sayi Alaska daga Rasha a 1867 kan dala miliyan 7.2 mutane na ta yi wa sakataren harkokin wajen ba'a wai ya sayo ƙanƙara, kuma da Shugaba Grant ya nemi haɗe Santo Domingo a 1870 majalisar dattawa ta ƙi. Wato har sannan akwai masu taka burki, kuma suna da rinjaye.

Yanzu ga inda tambayarka take, mi ya canza? A nawa gani abu na farko kuma mafi nauyi shi ne kaya sun fi ƙarfin kasuwar gida. An haɗa gabas da yamma da layin dogo a 1869, masana'antu sunka bunƙasa, kafin 1900 sun wuce Ingila wurin sarrafa ƙarfe, ga alkama ga auduga ga kananzir. Ka san abin da ke samun manoman albasarmu na fadama shekarar da kowa ya samu, buhu ya faɗi warwas, wadda ba a sayar ba ta ruɓe a rumbu, sai dai a nemi motar da za ta kai ta Kurmi ko ƙetaren iyaka. To haka ta same su amma a girman ƙasa. A 1893 tattalin arzikinsu ya karye, bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa sunka durƙushe, ma'aikata sunka shiga yajin aiki ana fito masu da soja, sai manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa sunka fara cewa in ba a samo masu saye a waje ba, musamman Caina mai ɗimbin jama'a, gidan zai kama da wuta. Dama kuma tun 1890 hukumar ƙidayarsu ta ce babu sauran wani bakin daji da za a nuna a taswira a ce daga nan ba a zauna ba, al'ummar da ta saba kullum in abu ya matse sai a ƙara gaba yamma, yau an ce mata gaba ta ƙare.

A wagga shekara ta 1890 ne kuma wani hafsan sojan ruwa, Alfred Mahan, ya fitar da littafinsa kan tasirin ƙarfin teku a tarihi, ya ce duk mai son ciniki ya yi nisa sai ya mallaki jiragen yaƙi, jiragen kuma sai da tashoshi. Wanga batu na tashoshi ɗalibai ba su cika kama shi ba, amma Bahaushe bai kamata ya ba shi wuya ba. Jirgin wancan zamani da gawayin kwal yake tafiya, ba ya iya ratsa tekun Fasifik sai ya tsaya ya sake lodi, kamar dai ayarin fatake mai zuwa Gwanja, madugu ba zai tashi ba sai ya san inda zango yake da inda rijiya take, kuma wanda ke riƙe da zangon shi ke riƙe da wuyan ayarin. Shi ya sa za ka ga ƙasa mai girman Amurka ta nace wa wani ɗan tsibiri da bai kai ƙaramar hukuma ba. Ba ƙasar take so ba, zango take so.

Sai kishi da tsoron a bar su a baya. Suna kallo Turawa sunka zauna a Balin 1884 zuwa 1885 suna tsara yadda za a kasa Afirka, su ma sun tura wakilai amma ba su tabbatar da yarjejeniyar ba. Sai kuma aƙidar nan ta cewa farar fata ya fi kowa kuma wai wajibinsa ne ya waye da sauran mutane, wadda anka riƙa faɗi a coci da jarida da majalisa ba kunya. Ni ban ɗauke ta a matsayin tushe ba, amma ita ce ta sa talaka mai jefa ƙuri'a ya ji abin da ake yi aikin lada ne, kuma irin zancen da Lugga ya zo mana da shi ke nan.

Hawai ce ta fara nuna inda anka dosa. 'Ya'yan mishan da masu gonakin rake 'yan asalin Amurka sun mamaye arzikin tsibiran, tun 1887 anka ba Amurka damar amfani da mashigin Pearl Harbor, sai a Janairun 1893 sunka kifar da sarauniya Liliuokalani, sojojin ruwan Amurka na tsaye a gari. Shugaba Cleveland ya ce wanga zalunci ne ya ƙi karɓar ƙasar, kuma ina girmama shi kan haka. Amma shekara biyar kawai anka yi wani shugaban, McKinley, ya haɗe ta.

1898 ita ce shekarar da ya kamata ka riƙe. Mutanen Kyuba suna yaƙar Sifaniya mai mulkinsu tun 1895, Sifaniya na tara ƙauyawa cikin sansanoni suna mutuwa, jaridun Niyok na ƙara wa labarin gishiri don a saya, ga kuma kuɗin Amurkawa da yawa a gonakin raken tsibirin. Ranar 15 ga Fabrairu jirgin yaƙinsu mai suna Maine ya fashe a tashar Habana, mutum sama da 260 sunka mutu, nan take anka ɗora wa Sifaniya, ko da yake binciken da wani babban hafsan ruwansu ya jagoranta a 1976 ya nuna ya fi yiwuwa daga cikin jirgin ne wutar ta tashi. A Afrilu anka shiga yaƙi, majalisa har da yin alƙawarin ba za a mallaki Kyuba ba. To ga abin lura, yaƙin da anka ce na ceton Kyuba ne, karon farko mai girma ba a Kyuba anka yi shi ba, a Manila, babban birnin Filifin da ke hannun Sifaniya, anka yi shi ranar 1 ga Mayu, can ɗaya gefen duniya kusa da ƙofar Caina, inda Dewey, kwamandan jiragen Amurka, ya nutsar da jiragen Sifaniya cikin safiya ɗaya. Kafin shekara ta fita an sa hannu a Faris, Sifaniya ta miƙa Fotoriko da Guwam, ta miƙa Filifin anka ba ta dala miliyan 20.

Kada ka ɗauka duk Amurkawa sun yarda. An kafa ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka a 1898, cikinta har da shi Cleveland da attajirin ƙarfe Andrew Carnegie, suna cewa ƙasar da ta yi tawaye don kada a mulke ta ba da yardarta ba, da wane ido za ta mulki wasu. Wasu kuma adawarsu ba ta Allah ba ce, ƙyamar baƙar fata ce kada su zama 'yan ƙasa. A Fabrairun 1899 majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar da ƙuri'a 57 da 27, kuma kashi biyu cikin uku ake bukata, ka ga da ƙyar ta tsallake, mutum biyu da sun sauya ra'ayi da ta faɗi.

Su kuwa mutanen Filifin ƙarƙashin Emilio Aguinaldo sun riga sun shelanta 'yancinsu, sun ɗauka abokin taimako ne ya zo, sai sunka ga an sayar da su kamar kaya. Yaƙin da ya biyo baya daga 1899 zuwa 1902 ya ci sojan Amurka sama da 4,000, mayaƙan Filifin wajen 20,000, fararen hula kuwa aƙalla 200,000 saboda yaƙi da yunwa da annoba, har irin sansanonin da anka zagi Sifaniya a kansu su ma sun yi. A kudancin ƙasar inda Musulmi suke, waɗanda ake kira Moro, faɗan bai tsaya a 1902 ba. A watan Maris na 1906 sojojin Janar Leonard Wood sunka hau dutsen Bud Dajo a tsibirin Jolo sunka kashe ɗaruruwan Musulmin da sunka fake a ramin samansa, har mata da yara. Ɗana, a cikin wanga wata na Maris 1906 ɗin ne dai Turawan Ingila sunka shafe Satiru, nan kudu da mu tafiyar da ba ta kai yini ba. Ranar da na fara haɗa kwanakin nan biyu na daɗe zaune ban ce komai ba. Mutanen biyu ba su san da juna ba, amma bindiga mai ruwa iri ɗaya ce, hujjar da anka bayar ma iri ɗaya ce.

Ita Kyuba an cika mata alƙawari da baki. An bar ta da tutarta amma anka tilasta mata sa wani sharaɗi cikin tsarin mulkinta a 1901 wanda ya ba Amurka izinin shigowa duk lokacin da ta ga dama, sannan a 1903 anka karɓi hayar Gwantanamo, wurin da ka san sunansa ta wata hanya daban. Wanga salo shi ne ya bambanta su da Ingila da Faransa daga baya, ba sai an naɗa gwamna an turo Razdan da Di'o ba, a bar maka kujera a riƙe tashar jirgi da kwastan da bashi. Mu da munka ga yadda anka bar sarakunanmu da rawani anka ɗauke ikon, abin ba baƙo ba ne gare mu.

1903 ɗin nan dai, ranar 15 ga Maris anka yi karon Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, to a Nuwamban shekarar Amurka ta goyi bayan yankin Fanama ya ɓalle daga Kolombiya bayan majalisar Kolombiya ta ƙi yarjejeniyar haƙa mashigin ruwa, jiragen yaƙin Amurka sunka tare hanya kada a murƙushe tawayen. Dalilin a fili yake, lokacin yaƙin 1898 jirginsu Oregon sai da ya yi sama da wata biyu yana zagaye Kudancin Amurka kafin ya iso daga yamma zuwa gabas. An buɗe mashigin a 1914. Shugaban da ya yi wanga aiki, Theodore Roosevelt, shi ne mai cewa ka yi magana a hankali amma ka riƙe babbar sanda, har yana cewa karin maganar Afirka ta Yamma ce, kuma a 1904 ya juya sanarwar Monroe, daga "Turai kada ki shigo" ta koma "mu za mu shiga in maƙwabci ya kasa biyan bashi ko riƙe gidansa".

Daga nan ba a miƙe anka tafi ba, an yi ta gaba ana baya. Sun shiga yaƙin duniya na ɗaya a 1917, Shugaba Wilson ya kawo shawarar majalisar ƙasashen duniya ta farko, majalisar dattawansa ta ƙi yarda su shiga, a tsakiyar shekarun 1930 ma har dokokin 'yan ba-ruwanmu anka kafa. Littattafai na kiran wannan komawa ware kai. Amma sojojinsu na zaune a Haiti daga 1915 har 1934, suna Nikaragwa har 1933, Filifin na hannunsu har 1946. Ana so ana kaiwa kasuwa ke nan, Turai ce dai anka sake juya wa baya.

Wanda ya rufe babin gaba ɗaya Japan ce, kuma labarinta ya cancanci zama na daban. Ita ce ta yi ware kai na gaske, sama da shekara 200 ƙofa a rufe sai ɗan ciniki kaɗan da 'yan Holan da Caina a Nagasaki, kuma jiragen Amurka ne ƙarƙashin Perry sunka zo a 1853 sunka ce a buɗe, ka ga wata shaidar ke nan kan "ba ruwana". Japan ta ga abin da ya samu Caina, ta sake tsarin mulkinta a 1868, ta koyi ƙera makami, ta ci Caina a 1895, ta ci Rasha a 1905, ta haɗiye Koriya a 1910. Masu miƙe ƙafa biyu a teku ɗaya dole wata rana ƙafafun su haɗu, kuma inda sunka haɗu ranar 7 ga Disamba 1941 shi ne Pearl Harbor, zangon nan na Hawai, cikin sa'o'i kuma anka kai hari Filifin da Guwam. Bayan yaƙin, a 1949, Amurka ta shiga ƙawancen NATO, wato ainihin irin alƙawarin dindindin da Turai da Washington ya hana shekara 153 baya.

Sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas da ka ambata jikan waɗancan tashoshin kwal ne, man da ake sha ne ya canza da abin da ake tsaro. Sojojin Nijar da sunka karɓi mulki a 2023 sun ce a tashi, kuma an kwashe a 2024. Fotoriko da Guwam kuwa har gobe suna hannun Amurka, mutanensu na da fasfo ɗinta, 'ya'yansu na shiga sojanta, amma in suna zaune a tsibiransu ba su da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. In za ka zo gida ranar Asabar bayan la'asar ka taho da taswirar duniya babba, ina son in ɗora maka yatsa daga Kalifoniya zuwa Hawai zuwa Guwam zuwa Manila ka ga yadda sunka jeru, don Guwam ba ta ganuwa a ƙaramar taswira. Ka gaida mahaifiyarka.